Kalmar Ingilishi "Withdraw": Ma'anoninta da Hanyoyin Fassara Ta, da Misalai daga Zangon Kumasi

1.0 Gabatarwa

Buokrom unguwa ce a birnin Kumasi na ƙasar Gana, ba nisa da filin jirgin sama. Tana cikin unguwannin da ake jin Hausa a bakin titi kafaɗa da kafaɗa da Tuwi, harshen Asantawa, waɗanda fataken dā suke kira Tonawa. Fataucin goro ne ya fara kai Hausa wannan yanki, sannan ta ƙara kafuwa bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da kuma shigar Turawan Ingila Kumasi a 1896. A yau ba Hausawa kaɗai ke magana da ita ba. Ita ce harshen da ke haɗa Mosawa da Dagwambawa da Zabarmawa da Fulani da sauran mazauna zango, kamar yadda Enid Schildkrout ta nuna a littafinta na 1978 a kan zangon Kumasi.

Abin da ya jawo wannan takarda shi ne wani giɓi da ke cikin rayuwar waɗannan mutane. Ciniki da wa'azi da sulhu da hirar gida duk da Hausa ake yin su, amma takardar banki da ta kotu da ta makaranta da ta asibiti da Ingilishi suke zuwa. Dole ke nan a sami wanda zai tsaya a tsakani, kuma sau da yawa wannan tafinta ɗa ne ko jika, ko mai shagon tura kuɗi ta waya. Ɗaya daga cikin kalmomin da suka fi yawo a irin waɗannan takardu ita ce "withdraw". Ɗalibin fassara yakan haddace cewa ma'anarta "janye", ya wuce. Manufar takardar ita ce nuna cewa wannan amsa daidai ce a wasu wurare, ta gaza a wasu, a wuri ɗaya ko biyu kuwa tana iya juya saƙon gaba ɗaya. An kawo misalan da daidaitacciyar Hausa, duk da cewa Hausar Gana tana da nata kamannu, musamman rashin bambanta jinsin namiji da na mace a nahawu.

2.0 Asalin kalmar da ƙirarta

Kalmar ta bayyana a rubutun Ingilishi tun ƙarni na 13, kuma haɗi ce ta "with" da "draw". Kashi na biyu ba shi da wuya: ja. Kashi na farko shi ke ruɗa ɗalibi, domin a Ingilishin yau "with" na nufin "tare da". A tsohon Ingilishi kuwa ma'anarta "gāba da" ko "baya", kuma wannan tsohuwar ma'ana ce ta maƙale a "withstand" da "withhold". Kalmar da ke nufin "tare da" a wancan zamani ita ce "mid", wadda ta saura a "midwife", wato ungozoma, mai kasancewa tare da mace a kan gwiwa. Saboda haka ma'anar asali ita ce ja baya, ko ja daga wani wuri. Shuɗaɗɗen lokacinta "withdrew", sifarta "withdrawn", sunanta "withdrawal".

Idan aka juyo ga Hausa za a ga wani abin sha'awa. Aikatau "ja" yana haifar da "janye" ta hanyar da "ci" ke haifar da "cinye", "sha" kuma "shanye". A tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya gabatar a 1960, waɗannan suna aji na 4, wanda ke ƙarewa da wasalin -e, kuma yake ɗauke da ma'anar ƙarewa ƙaf ko rabuwa da wuri. Aikin da "with" take yi a goshin kalmar Ingilishi, shi wannan wasali yake yi a ƙeyar kalmar Hausa. Wannan ne ya sa kusan duk kalmomin da za a buƙata a ƙasa 'yan aji ɗaya ne: janye, cire, zare, fice, soke, tsame, kwashe, karɓe, ƙwace, tuɓe, keɓe. Wahalar mai fassara ita ce Ingilishi ya tara ma'anonin a kalma guda, Hausa kuwa ta rarraba su, kuma kafin ta ba da kalma sai ta tambayi abu uku: mene ne aka ja, wa ya ja shi, da yardar wa.

3.0 Sha'anin kuɗi

A nan ne mutumin Buokrom ya fi haɗuwa da kalmar, kuma a nan "janye" ta fara gazawa.

(1) She withdrew five hundred cedis.
Ta cire sidi 500.

Ba a cewa ta janye sidi 500. Wanda ya ji haka zai zaci ta yi alkawarin ba da gudummawa ne ta fasa. Haka kuma Hausa tana da bambancin da Ingilishi ba shi da shi a wannan wuri, wato tsakanin "cire" da "ciro". Wanda ya ce "je ka ciro kuɗin" yana jiran a kawo masa su inda yake, saboda aji na 6 mai ƙarewa da -o yana nuna aiki ya fuskanto mai magana. Wanda ya ce "an cire mini kuɗi" kuka yake yi, domin kuɗin sun bar asusunsa sun nufi wani wuri. Jimlar Ingilishi mai cewa "money was withdrawn from my account" ba ta nuna ko mai asusun ya yarda ko bai yarda ba. Mai fassara ne zai duba sauran bayanin ya zaɓa tsakanin "an ciro" da "an cire" da "an kwashe".

Kafin zuwan banki ma Hausa tana da kalmominta na ajiya da ɗiba. A adashi, wanda a Gana aka fi sani da susu, ana "zubi" ne ana "ɗauka" ko "kwasa". Matar da ta ce wannan watan ita ce da ɗauka ba za ta taɓa cewa za ta cire ba. "Cire" ta banki ce da ta waya.

Cewa zaɓen kalma yana da farashi ya fito fili a zamanin harajin tura kuɗi ta waya. Kamfanin MTN ya fara hidimar kuɗi ta waya a Gana a 2009, kuma kafin a daɗe rumfunan masu "momo" suka cika unguwanni. A watan Mayun 2022 gwamnati ta fara karɓar harajin kashi 1.5 cikin ɗari a kan kuɗin da aka tura, ban da sidi 100 na farko a kowace rana. An rage shi zuwa kashi 1 a Janairun 2023, sannan aka soke shi a Afrilun 2025. Harajin ya hau kan turawa ne, bai hau kan cirewa ba. Nan da nan jama'a suka gano ƙofar. Maimakon ɗa da ke Ankara ya tura wa mahaifiyarsa kuɗi a Kumasi, sai ita ta je rumfar mai momo, shi kuma ya amince daga wayarsa a cire daga asusunsa a miƙa mata. A idon doka cirewa aka yi, a idon uwa kuwa ɗanta ne ya aiko. Na tsawon shekara uku, daga 2022 zuwa 2025, bambancin aikatau biyu ya zama abin da talaka ya riƙa lissafi da shi.

Akwai kuma ma'ana ta biyu a sha'anin kuɗi, inda hukuma ce mai aikatawa, takardar kuɗin kanta kuma ita ce karɓau.

(2) The fifty-cedi note was withdrawn from circulation.
An janye takardar sidi 50 daga hannun jama'a. / An hana amfani da takardar sidi 50.

Wannan ya faru a farkon 1982, jim kaɗan bayan Rawlings ya karɓi mulki karo na biyu. Takardar sidi 50 ita ce mafi girma a lokacin, kuma aka umarci jama'a su kai ta banki a ba su rasit. Ɗan kasuwar da dukiyarsa ke ƙulle a akwati, wanda shi ne galibin mai fataucin goro da na shanu, ya fi kowa jin jiki, kuma matakin ya daɗe yana rage wa mutane amincewa da banki. Abin da aka yi a Yulin 2007 daban ne: an sauya tsohon sidi 10,000 da sabon sidi 1, tsoho da sabo suka yi tafiya tare har ƙarshen shekarar, aka musanya wa kowa nasa. Duka biyun Ingilishi yana kiransu da kalma ɗaya. A Hausa na 2007 "canjin kuɗi" ne. Na 1982 kuwa, wanda aka karɓi nasa aka ba shi takarda zai fi yarda da "karɓe", in ma bai ce "ƙwace" ba. Mai fassara labari zai tsaya kan "janye" domin ita ce ba ta ɗauki ɓangare ba, amma ya kamata ya san abin da ya bari a baya. Masu karatu a Nijeriya za su tuna canjin kuɗi na 1984 da kuma na ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, lokacin da ma'anonin biyu suka haɗu a rana ɗaya: gwamnati tana janye tsofaffin takardun Naira 200 da 500 da 1,000, a lokaci guda kuma ta ƙayyade abin da mutum zai iya cirewa.

Wata 'yar'uwar kalmar da ke zuwa a nan ita ce "revoke", wadda ta fi dacewa da izini ko lasisi, kuma Hausarta "soke". A Agustan 2017 Babban Bankin Gana ya soke lasisin bankunan UT da Capital, a Agustan 2018 ya soke na wasu biyar ya haɗe su a sabon banki guda, a Mayun 2019 kuma ya soke na ƙananan cibiyoyin ajiya da bashi 347. Jaridu sukan yi amfani da "withdraw" a madadin "revoke" a irin wannan labari. Ko da wacce aka zo, "soke" ta fi "janye" fito da nauyin abin, domin lasisin da aka soke ba ya jiran a mayar da shi gobe.

4.0 Ƙara da magana

(3) The complainant wants to withdraw the case.
Mai ƙara yana so ya janye ƙarar.

A nan "janye" ta zauna daram, kuma babu wata kalma da ta fi ta. Matsalar ba ta fassara ba ce, ta fahimta ce. A zango, idan rigima ta kai ga 'yan sanda, abin da dattawa suka fi so shi ne a dawo da maganar gida, gaban liman ko sarkin ƙabila ko Sarkin Zango. A tunanin jama'a wanda ya kai ƙara shi ke da ita, in ya ce ya janye shi ke nan. Wannan gaskiya ne a ƙarar da ke tsakanin mutum da mutum, kamar bashi ko gado ko haya, ko da yake a can ma wani lokaci sai da izinin kotu. A shari'ar laifi kuwa Jamhuriya ce mai ƙara, wanda aka cuta shaida ne kawai. Sashe na 88 na tsarin mulkin Gana na 1992 ya ɗora gurfanar da masu laifi a wuyan Antoni Janar. Abin da dokar kotuna ta 1993 ta yarda da shi a sashe na 73 shi ne kotu ta ƙarfafa sulhu a ƙananan laifuka, ban da manya. Don haka idan tafinta ya gaya wa dattijo "an janye", alhali abin da ya faru shi ne mai ƙorafi ya rubuta takardar neman janyewa, ya ba shi labarin da bai tabbata ba tukuna.

Haka nan dole a raba kalmomi uku da ake yawan cakuɗawa. Mai ƙara ne ke "janye" ƙara. Kotu "korar" ƙara take yi. Wanda ake tuhuma kuma ana iya "sallamar" sa ba tare da an "wanke" shi ba. Idan Antoni Janar ya dakatar da tuhuma, sallama ce kawai, kuma ana iya sake kama mutum a kan laifin nan. Iyalin da aka gaya wa "an wanke shi" a irin wannan hali an yaudare su, ko da ba da gangan ba.

Sai janye magana.

(4) The Speaker asked the member to withdraw the remark.
Shugaban majalisa ya nemi ɗan majalisar ya janye kalamansa.

Wannan al'ada ce ta majalisar Ingila da Gana da Nijeriya suka gada. Ɗan majalisa ya furta kalmar da ba ta dace da zauren ba, a ce ya janye, ya miƙe ya ce ya janye, a ci gaba da aiki. Ba lallai ne ya ba da haƙuri ba, shi ya sa ake jin "withdraw and apologise" a matsayin abubuwa biyu. Ba kuma musantawa ya yi ba. Mai musantawa cewa yake yi bai faɗa ba, mai janyewa kuwa ya amsa cewa ya faɗa. Ingilishi yana da "retract" ga jaridar da ta janye labari ko shaidan da ya janye bayaninsa, da "recant" ga wanda ya fito fili ya bar wata aƙida.

Abin lura shi ne tunanin Bahaushe bai ɗauki magana a matsayin abin da ake mayarwa ba. Karin maganar da ke cewa magana zarar bunu ce ta ginu ne a kan hoton jinka: bunun da aka zare ba ya komawa gurbinsa. Ga shi kuwa "zare" ita ce kalmar Hausa da ta fi kusa da ma'anar asali ta "withdraw", amma a karin maganar tana nufin fitar magana daga baki, ba dawo da ita ba. Salon da Hausa ke da shi na asali ga wanda ya koma kan maganarsa shi ne "ya yi amai ya lashe", kuma zargi ne mai zafi. Ɗalibai sukan ɗauko shi don su nuna gwaninta, su fassara jimla ta (4) da shi. Kuskure ne. Jimlar Ingilishi ba ta zagi kowa ba, fassarar kuwa ta zaga. Wurin wannan salo shi ne sharhi da muhawara, inda marubuci ya yi niyyar suka.

A kasuwa ma ba "janye" ake ji ba. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, aka daidaita ya sallama, sannan mai saye ya ce ba ya so: wannan "ya fasa" ne. Ita "fasa" ba 'yar aji na 4 ba ce, kuma ita ce ta fi dacewa da duk abin da aka yi niyya ba a kai ga aikatawa ba, kamar tafiya ko aure ko tayin ciniki.

Akwai wuri guda da ya kamata a yi taka-tsantsan ƙwarai, wato saki. Mutum ya saki matarsa saki ɗaya, ya mayar da ita kafin ta gama idda. Hausa tana da kalmarta, "kome", ko "ya mayar da ita". Ingilishi zai ce "he took her back". Idan wani ya rubuta "he withdrew the divorce", aka fassara da "ya janye sakin", an shigar da ma'anar da fiƙihu bai yarda da ita ba, domin kome ba ya goge sakin da aka yi. Igiya ɗaya ta riga ta tsinke, saura biyu. Matar aka mayar, ba sakin ba.

5.0 Janye jiki, ficewa da yajin aiki

Idan aikatau ɗin ya zo ba tare da karɓau ba, wato mai aikin ne ya ja kansa, Hausa tana duba irin wurin da aka bari. Daga takara ana "janyewa", kuma ana iya janye wa wani. Daga ƙungiya ana "ficewa": Mali da Burkina Faso da Nijar sun ba da sanarwar ficewa daga ECOWAS a Janairun 2024, ficewar ta tabbata a Janairun 2025. Sojoji ana janye su ko kwashe su, kamar yadda Faransa ta kammala kwashe nata daga Nijar a Disambar 2023. A fagen daga kuwa "ja da baya" ne. Daga sha'anin da mutum ya ga ba zai ƙare lafiya ba yana "tsame hannunsa", daga abokin da ya daina yarda da shi kuma yana "janye jiki". Waɗannan ba su cika ba da wahala ba.

Mai ba da wahala ita ce wannan:

(5) The nurses have withdrawn their services.
Ma'aikatan jinya sun tsunduma yajin aiki.

Kafofin labarai na Hausa sun saba da cewa "an janye yajin aiki" idan an koma bakin aiki, inda Ingilishi ke cewa "call off" ko "suspend". Kunnen mai sauraro ya riga ya haɗa "janye" da ƙarewar yaji. A Ingilishin ƙungiyoyin ƙwadago na Gana kuwa "withdrawal of services" shi ne fara yajin. A watan Yunin 2025 ƙungiyar ma'aikatan jinya da ungozomomi ta Gana ta yi irin wannan yaji mataki-mataki, ta fara da daina duba marasa lafiya na waje, sannan ta daina aiki gaba ɗaya, kafin ta dakatar da shi a cikin watan. A ƙaddara wani ya ji sanarwar farko a rediyo, ya gaya wa maƙwabcinsa a Buokrom cewa "nas-nas sun janye". Maƙwabcin zai ɗauki mara lafiyarsa ya nufi asibitin Manhyia ko na Komfo Anokye da zaton an koma aiki, alhali ranar aka fara. Kalma ɗaya ce, fassarar kuma ba a ce ƙarya ba ce, amma saƙon ya kifa. A irin wannan jimla ya fi kyau a guje wa "janye" ɗungurungum.

Sarauta ma tana da nata. "Withdraw recognition" na nufin gwamnati ta daina amincewa da wani a matsayin sarki, wanda ba daidai yake da "tuɓe rawani" ba, tunda mai naɗawa shi ke tuɓewa. Gwamnatocin farko na Gana sun yi amfani da wannan iko a kan sarakunan da suka saɓa da su, zangon Kumasi kuma ya ɗanɗani hannun gwamnati ta wata hanyar a 1957, lokacin da aka kori Sarkin Zango Alhaji Amadu Baba daga ƙasar zuwa Nijeriya. Sashe na 270 na tsarin mulkin 1992 ya hana majalisa yin dokar da za ta ba wani ikon amincewa da sarki ko janye amincewar. Ita kuwa "recall", idan jakada ne "an kira shi gida", idan kaya ne "an janye su daga kasuwa", idan ɗan majalisa ne a Nijeriya "kiranye". Wannan ta ƙarshe aro ce daga cikin gida, domin asalin kiranye shi ne asirin da ake yi don a jawo wanda ya yi nisa ya dawo. 'Yan jarida suka ɗauko ta, ta kuma zauna, kamar yadda aka gani a yunƙurin yi wa Sanata Dino Melaye kiranye da ya ci tura a 2018.

6.0 Takardar makaranta

An bar wannan a ƙarshe saboda a nan ne nahawu da kansa yake ɓoye ma'ana. A duba jimloli biyu:

(6) He withdrew from the university.
Ya bar jami'a da kansa.

(7) He has been withdrawn from the university.
Jami'a ta sallame shi. / An kore shi.

Jami'o'in Gana, har da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, suna amfani da siga ta (7) a ƙa'idojinsu ga ɗalibin da makinsa ya gaza abin da ake buƙata. Lafazi ne na sassauci irin na ofis. An guje wa "dismiss" da "expel", waɗanda aka fi ajiye wa mai laifi, aka kuma ɓoye mai aikatawa. Amma sakamakon ɗaya ne, ɗalibin ba shi da gurbi.

A ƙaddara irin wannan takarda ta iso wani gida, mahaifin bai yi boko ba, kuma wanda zai karanta masa ita shi ne wanda takardar ta shafa.

"Kai, me suka ce?"

"Baba, cewa suka yi an janye ni."

"An janye ka zuwa ina?"

Tambayar dattijon tambaya ce ta mai jin Hausa sosai. A Hausa wanda aka janye, akwai wanda ya janye shi, kuma akwai inda aka nufa da shi. Uba yana janye ɗansa daga wata makaranta ya kai shi wata, gwamnati tana janye jakadanta ta dawo da shi gida. Makaranta ba ta janye ɗalibi daga cikin kanta. Yaron bai yi ƙarya ba, ya dai fake a bayan ƙamus. Illar ita ce uban zai iya zama yana jiran a sake kiran ɗansa, har lokacin da ya kamata a nemi a sake duba sakamakon ko a nemi wata makaranta ya wuce. "Sallama" ita ce fassarar da ta riƙe ladabin takardar ba ta kuma ɓoye gaskiyar ba. "Kora" ta fi fitowa fili, sai dai tana iya sa uba ya zaci ɗansa wani laifi ya yi. Ya kamata kuma a raba wannan da "defer", wato ɗage karatu zuwa wata shekara, inda gurbin ɗalibi yake nan yana jiransa.

Wannan siga ta "withdrawn" tana da wata ma'anar dabam idan ta zo a matsayin sifa, kuma ita ma a takardar makaranta ake yawan ganinta, a wurin da malamin aji ke rubuta ra'ayinsa.

(8) She is quiet and withdrawn in class.
Ba ta da magana, kuma ba ta shiga cikin 'yan'uwanta a aji.

Babu wanda ya sallami wannan yarinya. Malamin yana cewa ne tana keɓe kanta. A nan akwai tarko na al'ada. Idan aka fassara da "tana da kunya" ko "tana da kawaici", uwar za ta ji daɗi, domin a gidan Bahaushe waɗannan yabo ne. Malamin kuwa damuwa yake nunawa, yana so iyaye su bincika ko wani abu na damun yarinyar a gida ko a makaranta. Fassarar da za ta isar da nufinsa sai ta ƙunshi "keɓe kai" ko "rashin sakin jiki".

Sunan "withdrawal" shi ma yana da ma'ana ta likitanci da ba ta da kalma guda a Hausa. "Withdrawal symptoms" su ne wahalhalun da jiki ke shiga idan wanda ya saba da wata ƙwaya, irin su tiramadol, ya daina sha farat ɗaya: rawar jiki, gumi, ciwon gaɓoɓi, rashin barci. A nan sai dai a yi bayani, a ce "laulayin daina shan ƙwaya" ko "abin da ke biyo bayan yanke shan magani". Ma'aikacin lafiyar da ke gargaɗin iyali game da wannan yana nufin kada a yanke wa mara lafiya maganin lokaci guda, a riƙa rage masa kaɗan-kaɗan bisa umarnin likita. A takardun tsarin iyali kuma kalmar tana nufin abin da littattafan fiƙihu suka daɗe da sani da sunan azalu, kuma da wannan sunan ne malamin zaure a Buokrom ko a Zariya zai gane abin da ake nufi.